Allurar zafi ta kafe a tsohuwar MX-5: a ina ya kamata a ɗaura sabon geji?

"Assalamu alaikum, Oga. Na sayi Mazda MX-5 ƙirar 1992 mai injin 1.6, tokumbo ce, ina Kaduna da ita. Allurar zafi ta dashbod da zarar ta hau tsakiya shi ke nan ba ta ƙara motsi, ko ina cikin cunkoso da esi a kunne, ko ina gudu a titin Zariya. Wanda ya sayar min ya ce alamar lafiyar inji ce, ni dai hankalina bai kwanta ba. Na sa an kawo min gejin zafin ruwa mai lambobi, na milimita 52, tare da sensa ɗinsa. Bakanikena ya ce a cire sensan kamfani a ɗaura sabon a gurbinsa. Mai riwaya kuma ya ce a yanka babban tiyon lagireto na sama a saka shi a nan. Maganar wa zan bi? Sannan lamba nawa ce in na gani zan tsaya?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sa ka mori motar, ya tsare hanya. In na fahimce ka, kana son sanin ko allurar kamfani abin dogaro ce, sannan ina ya dace bakin sabon sensan ya zauna. Wannan na biyun shi ne duk aikin. Ɗaura geji a dashbod da jan waya ba ya cin awa biyu, yaron gareji mai hankali zai yi. Amma geji bai san zafin inji ba, abin da ya sani shi ne zafin ruwan da ke taɓa kan sensa a wannan lokacin. In aka ajiye sensan inda ruwa ba ya wucewa, ko inda ba ya isowa sai an buɗe masa ƙofa, to ka kashe kuɗinka ka sayi abin da zai riƙa kwantar maka da hankali alhali inji na dahuwa.

Me ya sa allurar ba ta motsi

Wanda ya sayar maka bai yi ƙarya ba, sai dai rabin maganar ya faɗa. Haka Mazda ta ƙera gejin wannan motar. Allurar tana tashi daga C, alamar sanyi, ta zo daf da tsakiya, sai ta kafe a nan tun zafi bai kai digiri 80 ba har ya haura 100. Ba Mazda kaɗai ke yin haka ba, kamfanoni da yawa sun bi wannan hanya. Dalilinsu shi ne inji mai lafiya zafinsa ba ya tsayawa wuri guda: ya hau a danja, ya sauka in an samu titi, ya sake hawa in an kunna esi. Da allura za ta bi wannan hawa da saukar, da masu mota sun cika garejin kamfani da ƙorafin abin da ba matsala ba ne. Sai aka sa ta yi kunnen uwar shegu da duk abin da ke tsakani.

Ga sabuwar mota a ƙasa mai sanyi wannan ba laifi. Taka kuwa ta haura shekara 30, kuma kana tuƙa ta a garin da zafi ke dosar digiri 40 a Maris da Afrilu. Ranar da allurar nan za ta bar tsakiya ta nufi H, alamar zafi, ihu ne bayan hari. Gangar jikin injin baƙin ƙarfe ne, tof silinda kuma, wato murfin saman inji, alminiyom, ba sa kumbura daidai da juna in sun sha zafi. Obahitin ɗaya mai tsanani ya isa ya karkatar da tof ya ƙona gasket. Saboda haka tunaninka na ƙara geji daidai ne. Da motarka ƙirar Amurka ce ta 1996 ko 1997, da na ce ka sayi 'yar na'urar OBD-II, wadda ake sokawa a soket ɗin kwamfutar mota, ka karanta zafi a wayarka ba tare da ka taɓa tiyo ba. Ta 1992 ba ta da wannan soket ɗin.

Yadda ruwa ke zagaya wannan injin

Sai ka gane wannan kafin ka zaɓi wuri, domin MX-5 tana da wani hali da ta gada. Injinta daga Mazda 323 aka ɗauko, inda yake kwance a gicciye. A can, ruwa yana shiga ta gefe ɗaya, ya bi duk silinda huɗu, ya fita ta ɗaya gefen inda tamostat yake, wato bawul ɗin da ke tare ruwa daga zuwa lagireto sai inji ya yi zafi. Da aka juya injin ya miƙe daga gaba zuwa baya a MX-5, wancan gefen mafitar ya koma jikin bangon da ya raba inji da ɗakin direba, babu fili. Sai aka dawo da tamostat gaba, saman famfon ruwa. Sakamakon haka ruwa na shiga ta gaba, yawancinsa kuma ya fita ta gaba, silinda ta huɗu da ke can baya ita ce ke samun ragowa. Ita ta fi kowacce zafi, kuma can ne matsala ta fi farawa.

Abin da ke jan ruwa zuwa bayan tof shi ne hanyar hita. Akwai ƙaramin tiyo da ke fita daga bayan tof ya shiga hita a ƙarƙashin dashbod, wani ya fito ya bi bututun ƙarfe ta ƙarƙashin manifol ɗin salansa ya koma famfo. A wannan motar babu bawul a hanyar, ruwa na bin ta kullum ko ka kunna hita ko ba ka kunna ba, ko tamostat ya buɗe ko yana rufe. Riƙe wannan, za mu dawo kansa.

A injin 1.6 irin naka akwai abubuwa uku masu jin zafi, kuma mutane na yawan rikita su. Biyu suna bayan tof: mai waya ɗaya na allurar dashbod ne, mai waya biyu kuma na kwamfutar mota ne, wadda muke kira birenbos. Na ukun yana gaba, a kan murfin tamostat, shi ne makunnin fanka, yana tayar da ita a wajen digiri 97. Daga injin 1.8 aka cire wannan na ukun, birenbos ta karɓi aikin fanka.

Shawarar bakanikenka

Ba zan bi ta ba, ko da yake ramin da yake nufi wuri ne mai kyau. In na birenbos zai cire, kada ka yarda ko kusa. Da shi kwamfuta ke sanin yawan man da za ta ba inji. In babu shi, tashin safe zai yi wuya, mota ta sha mai, fulogi su yi baƙi. Haɗa wayar sabon geji a jikin wayarsa ma ɓarna ce, domin geji zai ja wutar da kwamfuta ke aunawa, duk biyun su koma faɗin ƙarya. In kuma na allurar dashbod yake nufi, mota za ta yi aiki, amma ka kashe allurar kamfani ke nan. Duk da kurumcinta ina son ta zauna, domin ranar da geji biyu suka saɓa wa juna ka san akwai abin dubawa.

Sannan akwai maganar tiredi, wato haƙoran da ake murɗa sensa a kansu, wadda ta taɓa ba ni kunya. Ramin sensa a injunan Japan na wancan zamani yawanci tiredin BSPT ne, mai haƙori 28 a inci guda. Gejin da aka yi wa kasuwar Amurka kuwa sensansa NPT ne, haƙori 27. A ido ba za ka raba su ba. Yana shiga zagaye biyu lafiya lau, sannan ya fara cijewa, kai kuma ka ɗauka matsewa yake yi ka ƙara masa sifana. Ina yaro a sana'ar na yi wa wata mota haka, na tsaga alminiyom ɗin da ke riƙe da sensan. Aikin rabin awa ya koma kwana uku ana neman kayan gyara, kuma daga aljihuna. Gejin kamfanonin Jamus irin VDO sau da yawa tiredin milimita suke zuwa da shi, kamar M10 ko M14. Duba takardar da ta zo da naka ka ga wanne ne kafin ka kusanci kowane rami.

Kada kuma wani ya ce a bar sensan kamfani a wurinsa a ja waya daga shi zuwa sabon geji. Kowane geji da sensan da aka auna shi da shi. Misali, sensan VDO na gejin da ke karanta 40 zuwa 120 yana da turjiya, wato yadda yake tare wutar lantarki, wajen ohm 287 a digiri 40, ta sauka zuwa wajen 23 a digiri 120. Na wani kamfanin lissafinsa daban ne. In ka gauraya su geji zai yi aiki, amma lambar da zai nuna ba ta da ma'ana.

Shawarar mai riwaya

Wannan ita ce hanyar da aka fi bi, domin ta fi sauƙi. Akwai mahaɗi, wato guntun bututun alminiyom mai rami a gefe, da ake sayarwa don haka: a yanka tiyon sama, a sa shi a tsakiya, a ɗaure da kilif biyu, a murɗa sensa a ramin. Minti ashirin an gama, hannu ba ya ƙujewa. Kuma in komai lafiya, lambar da zai ba ka a kan hanya tana kusa da gaskiya.

Aibinsa shi ne tiyon sama yana bayan ƙofar tamostat. Kafin tamostat ya buɗe, wanda a wannan injin yake farawa a wajen digiri 85 zuwa 88, ruwan da ke cikin tiyon a tsaye yake. Za ka ga geji na kwance a ƙasa minti da yawa, sannan ya yi tsalle lokaci guda. Wannan da sauƙi, mutum ya saba. Abin tsoron shi ne ranar da tamostat ya maƙale a rufe, wanda yana daga cikin manyan abubuwan da ke kawo obahitin tun farko. A ranar ruwan zafi ba zai iso wurin sensa ba. An taɓa jawo min wata mota da igiya, mai ita yana rantsuwa gejinsa 60 da 'yan kai yake nunawa har lokacin da tururi ya fara fita ta gefen bonet. Gaskiya ya faɗa, gejin ma bai yi ƙarya ba, zafin tiyon ke nan. Injin ne ba wanda ya tambaya.

Ƙari a kan haka, tiyon sama yana daga cikin wurare mafi tsayi a hanyar ruwa. In ruwa ya ragu, nan ne ke fara bushewa, sensa ya zauna cikin iska. Kuma a MX-5, ruwan gaban inji yake aunawa, ba na baya mai zafi ba.

Tiyon ƙasa kuwa kada ma a kawo maganarsa. Ruwan da lagireto ya riga ya sanyaya ne ke bin sa.

Inda ni nake sakawa

A ƙaramin tiyon hita da ke fitowa daga bayan tof, kusa da tof ɗin gwargwadon yadda fili ya bari. Ruwan nan yanzu ya baro silinda ta huɗu, yana gudana tun daga lokacin da ka tayar da inji, kuma bai jira izinin tamostat ba. Geji zai fara hawa a hankali tun daga tashin safe, ka ga lokacin da tamostat ya buɗe da idonka, domin lamba za ta tsaya ko ta ɗan ja baya.

Ka tabbata tiyon da ka kama shi ne mai fita, ba mai dawowa ba. Bi shi da hannu inji na sanyi: wanda ya ƙare a bayan tof shi kake so, wanda ya ƙare a bututun ƙarfe ƙarƙashin manifol ka bar shi. Faɗin cikinsa wajen milimita 16 ne, amma auna naka kafin ka sayi mahaɗi, domin motar da ta shekara 30 ba a san hannu nawa ya taɓa ta ba. In ba ka samu mahaɗin a Panteka ba, masu sassaƙa ƙarfe za su yi maka na tagulla ko alminiyom in ka kai musu sensan su ga tiredinsa. Ka ce su bar ɗan tudu a kowane baki don kada tiyo ya zame. Kan sensan ya leƙo cikin ruwa sosai, amma kada ya toshe hanyar. Wannan ƙaramin bututu ne, dogon sensa zai iya cinye rabinsa, ka rage wa bayan inji ruwan da dama bai ishe shi ba. Haka nan in ya maƙale can cikin dogon mahaɗi bai leƙo ba, iska za ta taru a wurin, ya riƙa karanta ƙasa da gaskiya kuma a makare.

Ba zan ɓoye maka ba, wurin matsattse ne. Koyil na zaune a bayan tof, tiyon gajere ne kuma a lanƙwashe, sai ka yi haƙuri. Shawarata ka sayi sabon tiyo ka yanka shi a kan tebur, maimakon ka yanka tsohon da ya bushe. Wajen cire tsohon daga bakin hita, tsaga shi da reza a tsaye ka ɓare shi. Kada ka kama da filaya ka murɗa. Bututun hitar nan ƙarfe ne mai laushi, yana lotsewa nan da nan, kuma in ya lotse yoyonsa ba ya ƙarewa sai an sauke dashbod. Tunda hannunka na wurin, lalubi wata 'yar hular roba da ke toshe wani bakin ruwa a bayan tof na injin 1.6. Tana tsagewa da tsufa, ta zubar da ruwa a inda ido ba ya gani. Canza ta.

Wani abu da ya shafe mu a nan: da yawa daga motocinmu an kashe musu hita, tunda ba mai bukatarta sai 'yan kwanakin hunturu. In an haɗa bakin fita da na dawowa da tiyo ɗaya, ruwa na zagayawa, sai ka sa mahaɗinka a jikin wannan tiyon. In kuwa toshe bakunan biyu aka yi da fulogi ko kusa, to a buɗe su a haɗa tun kafin maganar geji. An yanke wa silinda ta huɗu hanyar ruwanta ke nan, kuma sensa a wannan wurin ruwan da ke kwance zai auna.

Akwai masu zuwa da nisa su sayi kayan da ke mayar da tamostat bayan tof, yadda injin yake tun asali a 323. Irin waɗannan kayan sukan zo da ramin sensa a jikinsu. Gyara ne mai kyau ga mai tsere ko wanda ya sa turbo. Don geji kawai ban ga dalilin wannan kashe kuɗin ba.

Kafin ka ɗaura, dafa shi

Haɗa geji da sensa da batir a kan tebur, ka sa kan sensan cikin tukunyar ruwa mai tafasa, kada ya taɓa gindin tukunya. A Kaduna ruwa na tafasa a wajen digiri 98, ba 100 ba, saboda tsayin garin daga teku. A Jos wajen 96 ne. In gejin ya nuna kusa da haka, madalla. In ya kauce da digiri biyu ko uku, rubuta ka riƙe a kai. In ya kauce da goma, mayar wa mai shi. Gejin kasuwa masu araha wasu na da kyau wasu shara ne, kuma kwalinsu iri ɗaya, tukunyar nan ce kawai ke raba su. In naka da ma'aunin Amurka ya zo, 180 shi ne 82 a namu, 195 wajen 90, 210 wajen 99, 230 kuma 110.

Waya

Kalar wayoyi ta bambanta daga kamfani zuwa kamfani, bi takardar da ta zo da shi. Wutar geji a ɗauko ta daga layin da ke kawo wuta sai an murɗa makulli, daga akwatin fis da ke gefen ƙafar direba, da ƙaramin fis nasa na kansa. Ka tsaya a kan mai riwaya kada ya fere wayar kamfani ya naɗa sabuwa a kai ya rufe da salatif. Wasu gejin na da ƙarin waya da ke son wuta kullum don riƙe saiti, wasu na da ta fitilar dare, wadda za a haɗa da layin ƙananan fitilu.

Wayar at, wato mai komawa jikin mota, ita ce ke ɓata yawancin aikin da ake kawo min. In sensanka mai waya biyu ne ka huta, duk biyun geji za su tafi. In mai waya ɗaya ne, ta jikinsa yake samun at, kuma mahaɗin da ke tsakiyar tiyon roba ba ya taɓa ƙarfen mota ta ko'ina. Dole a ja waya daga jikin mahaɗin zuwa jikin inji. Yawancinsu na da ɗan sukurun da aka tanada don haka, amma sai ka ga an bar shi haka nan. Kada kuma a lafta farin tef ɗin masu famfo a tiredin irin wannan sensan har ya raba ƙarfe da ƙarfe, ɗan man like tiredi ya isa. Abin da ya sa nake nanata wannan: sensan nan turjiyarsa raguwa take yi in zafi ya ƙaru, don haka duk tsatsa ko sakin waya ƙarin turjiya ne, geji kuma zai fassara shi da sanyi. A sensa irin na VDO ɗin can, kusa da digiri 100, ohm ɗaya kusan digiri ɗaya ne. Haɗi mara kyau zai iya ɓoye maka digiri biyar ko fiye, kuma ta ɓangaren da ya fi haɗari.

Batirin MX-5 a but yake, don haka komai ya dogara da wayar at da ke tsakanin inji da jikin mota. Ni nakan kai at ɗin geji jikin inji, wuri ɗaya da na sensa. Gwajinsa mai sauƙi ne: inji na aiki, kunna manyan fitilu da esi. In lamba ta yi tsalle a daidai lokacin, ba zafi ba ne, at ne.

Wayar sensa ta bi ta cikin robar da wayoyin kamfani ke ratsa bango, kada ta bi ramin ƙarfe tsirara. Tiyon hita a ɓangaren salansa yake, don haka a sa wa wayar riga, a ɗaure ta nesa da manifol da wayoyin fulogi.

Wurin zaman gejin kansa zaɓinka ne. Masu wannan motar a Turai suna son cire ɗaya daga cikin zagayayyun ramukan iska na tsakiyar dashbod su sa shi a nan, yana zama kamar daga kamfani. Su ba su san Afrilun Kaduna ba. Ni ba zan sadaukar da ramin esi ba, gara ƙarƙashin rediyo ko jikin ginshiƙin gilashin gaba. Ka tuna motar a buɗe ake yawan tuƙa ta, lambobi masu haske sukan ɓace in rana ta doke su. Riƙe shi da hannu a wurin da tsakar rana ka gani kafin a huda komai.

Mayar da ruwa

Inji ya huce sarai kafin a taɓa murfin lagireto. Tari ruwan a roba mai tsabta. In akwai kulan a ciki, wato ruwan maganin sanyaya inji, kada a zubar a tsakar gida, yana da zaƙi kuma guba ne, akuya ko kyanwa ko yaro na iya sha. Duka hanyar ruwan motar wajen lita 6 take ci, amma don wannan aikin rage kaɗan ya isa. Sensa mai tiredin NPT ko BSPT tsukakke ne, a murɗa da hannu har ya tsaya, a ƙara zagaye ɗaya zuwa biyu da sifana, a bar shi.

Wajen cikawa, ɗaga gaban motar ko ka tsayar da ita hancinta na kallon tudu. Cika lagireto, bar murfi a buɗe, tayar da inji. Za ka ga kumfa na fitowa, ruwa na sauka, kana ƙarawa, har tiyon sama ya yi zafi. Rufe, cika robar ajiya zuwa layinta, ka jira fanka ta tashi ta mutu. Wannan lokacin gwaji ne na biyu a kyauta, domin ka san makunnin fanka wajen 97 yake aiki. Tunda a bayan tof kake aunawa, kada ka yi mamaki in gejinka ya ɗan haura haka kafin ta tashi. In lamba na hawa da sauka kamar mai shan inna, iska ce ta rage.

In kuwa fanka ta tashi tun daga murɗa makulli, an yi mata dairek ke nan, wato an ba ta wuta kai tsaye ba ta bin makunninta, kuma ina kyautata zaton in ka buɗe murfin tamostat ba za ka tarar da komai a ciki ba. Al'adarmu ce, mota na sauka a cire shi a ce na ƙasar sanyi ne. A wannan injin cirewar ta fi illa, domin ka buɗe wa ruwa gajeriyar hanya ta gaba, baya ya ƙara rasawa. Sannan da safiyar hunturu inji ba ya kai zafin aikinsa, birenbos ta yi ta ƙara mai. Sabon gejinka zai tona wannan a rana ta farko: za ka ga 60 ko 70 a buɗaɗɗen titi. Mayar da tamostat, ko da mai buɗewa a 82 ne.

Lambar da za ka tsaya

Abin da zan faɗa a nan ma'aunina ne na aiki, ga motar da tamostat ɗinta da murfin lagiretonta ke da lafiya. A kan titi, tsakanin 85 da 95 gida ne. A cunkoso ya hau zuwa wajen 100, fanka ta tashi, ya sauko, wannan ma daidai ne, kada ya tsorata ka, shi ne abin da allurar kamfani ke ɓoye maka tun da. In ya wuce 105 yana ci gaba da hawa, kashe esi, kunna hita har ƙarshe in tana aiki, ka fara neman gefen titi. A 110 tsaya.

Kada ka ce ai ruwa a 100 yake tafasa. Murfin lagireton motarka yana riƙe matsi wajen 0.9 a ma'aunin bar, wanda ke kai tafasar ruwa zalla zuwa kusan 119, in da kulan rabi da rabi ya haura 120. Amma wannan sai in murfin na riƙewa. Murfin da robarsa ta mutu zai bar ruwa ya tafasa tun geji na nuna lambar da ba ta da ban tsoro. Ruwan rijiya ko na burtsatse kuma yana barin ƙasa da tsatsa a cikin lagireto. In tankin robar saman lagiretonka ya tashi daga baƙi ya koma ruwan ƙasa, ya gama ƙonewa, canza shi kafin ya fashe maka a hanya.

Yadda lamba ke tafiya ya fi lambar kanta ba da labari. Zafin da ke hawa a tsaye ya sauka in an fara gudu, fanka ce. Wanda ke hawa a gudu ya sauka in an rage, lagireto ne ya toshe, ko kuma an cire robar ƙarƙashin inji da ke tilasta wa iska bi ta cikinsa, abin da ake yawan yarwa wajen juyen mai. Sati biyu na farko ka riƙa lura da abin da yake nunawa a hanyoyin da ka saba bi, da safe da rana. Ranar da ya ƙara digiri biyar a hanya ɗaya da yanayi ɗaya, akwai abin da ya canza, ko da bai kai lambar tsayawa ba.

Akwai abin da ko wurin da na zaɓa maka ba zai magance ba. In tiyo ya fashe ruwa ya zube gaba ɗaya, sensa zai zauna a busasshen bututu, lamba ta ɗan hau sannan ta faɗo. Duk ranar da ka ga zafi ya hau sannan ya sauko da kansa ba tare da fanka ta tashi ko hanya ta buɗe ba, musamman in ka ji ƙamshin kulan ko hita ta koma busa sanyi, kashe inji nan take. Masu son ƙarin kariya kan sa sensan da ake ɗaurewa ƙarƙashin noti a jikin tof, mai auna ƙarfen kansa, da ƙararrawa. Wannan bai damu da akwai ruwa ko babu ba.

Ban ga motarka ba, don haka kafin ka sayi mahaɗi buɗe bonet ka duba abu uku ɗin nan da idonka: ko hita na haɗe, ko tamostat na ciki, ko an yi wa fanka dairek. Bayan an gama aikin, kwana uku a jere ka buɗe murfin lagireto da safe kafin ka tayar, ka shafa ƙasan mahaɗin da yatsa ka ga ko da danshi, ka ƙara matse kilif ɗin, domin sabon tiyo yakan saki bayan ya sha zafi sau biyu ko uku.